Kaza da 'Ya'yanta: Hoton Taurari da Lissafin Makiyaya

Wannan jawabi wani ɗan ƙungiya ne, ɗan dillalin shanu mai sha'awar ɗaukar hoton taurari, ya gabatar da shi a taronmu na Tudu, cikin birnin Ankara. Mun buga shi ne domin amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.

   

Bayan godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina neman afuwa wurin iyayena da ke zaune a nan, domin abin da zan yi magana a kansa sun riga ni saninsa tun ba a haife ni ba. Ni dai hoto na kawo. Ga shi nan yana zagayawa hannu zuwa hannu, kowa ya duba ya miƙa wa na kusa da shi. Waɗannan ɗige-ɗigen haske da kuke gani a cure wuri ɗaya su ne taurarin da Bahaushe ke kira Kaza da 'Ya'yanta, Bafulatani ya ce Daccuki, malamai kuma su ce Surayya, sunan da har 'ya'yanmu mata muke raɗa wa. Na ɗauke shi ne a wata ruga da ke filayen bayan Dodowa, cikin watan Nuwamba, daren da babu farin wata.

Wani zai ce, ana fama da maganar burtali da mashaya da harajin kan hanya, ina ruwan ƙungiya da taurari? To, a yi mini haƙuri in fara daga gida, in Allah ya yarda zan kai ga amsar.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi fataucin shanu tsakanin Bawku da Kumasi da Ankara. Bai san boko ba, kalanda ma ba ya ajiyewa, amma ban taɓa ganin lissafin lokaci ya kuɓuce masa ba. Idan ya fito alwala da dare sai ya ɗaga kai ya ce Kaza ta yi kaza, saura kwana kaza a fara ganin hadari a arewa, don haka shanun kudu za su fara tsada ko za su fara araha. Ina yaro ina ɗauka wasa ne. Sai da ya rasu na gane ban riƙe ko rabin abin da ya sani ba, kuma babu wanda ya rubuta. Wannan ciwon ne ya sa na sayi tsohuwar kyamara, na ce ko ban iya lissafinsa ba, bari in riƙe hoton abin da yake kallo.

Gwajin farko ban ji da daɗi ba. Lokacin fim ake sawa. Na kwana a kan rufin wani gida a Nima ina ɗauka, da gari ya waye na kai wurin mai wanke hoto. Da na koma karɓa sai ya ce fim ɗin ya lalace, baƙi ne ƙirin, ya ma jefar da shi. Bai san baƙin shi ne sama ba, 'yan ɗigon da ya ɗauka datti ne kuwa su ne taurarin. Na yi asarar kuɗi da barci, amma na koyi abu biyu. Na farko, a riƙa yi wa mai aiki bayani tun kafin ya fara. Na biyu, Nima ba wurin ganin taurari ba ne yanzu.

Wannan na biyun abin tunani ne gare mu. Nima da muke gani cike da gidaje da fitilu, makiyaya ce a da. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sami wurin daga hannun gidan Odoi Kwao domin a riƙa tsare shanu kafin a shigo da su gari, daga nan jama'a suka bi shi suka zauna, har unguwa ta haɗe da Maamobi. A nan kusa da mu ma akwai Cow Lane, wadda sunanta kaɗai ya isa shaida cewa shanu sun taka tsakiyar birnin nan. Mutanen da suka kafa waɗannan wurare suna kwana ƙarƙashin sama mai duhu, suna ganin Kaza sarai. Jikokinsu kuwa, da yawa ba su taɓa ganinta ba sai a shekarun dumsor, musamman 2015, lokacin da wuta ke ɗaukewa unguwa ta yi duhu, yara su fito suna tambaya ko taurarin nan sababbi ne. Hasken lantarki da ke tashi sama yana haɗuwa da ƙura da hayaƙi, sai ya zama kamar labule tsakaninmu da taurari.

Yanzu bari in faɗi yadda Kaza take tafiya a shekara, dattawa su gyara mini in na yi kuskure. Kowane tauraro yana riga fitowarsa ta jiya da misalin minti 4, wato sa'a 2 ke nan a wata. Saboda haka a wajen tsakiyar Nuwamba, Kaza tana fitowa daga gabas, ta ɗan karkata arewa, daidai faɗuwar rana, ta kai tsakiyar sama da tsakar dare, ta faɗi da asuba. A ƙarshen Disamba tana kaiwa tsakiyar sama wajen ƙarfe 9 na dare, a ƙarshen Janairu kuma wajen ƙarfe 7. Haka za ta yi ta gangarawa yamma, har zuwa ƙarshen Afrilu a gan ta ƙasa-ƙasa bayan magariba, daga nan ta ɓuya. A watan Mayu tana tare da rana, ba mai ganinta. Sai cikin Yuni ta sake leƙowa daga gabas kafin fitowar alfijir. Wanda bai san ta ba, ya nemi taurarin nan uku masu haske da ke jere kamar an ja layi, ya bi layin nasu zai tarar da wani tauraro mai ja-ja, shi ne Dabaran, ya ƙara gaba kaɗan sai ga Kaza.

Ku dubi yadda wannan tafiya ta dace da aikinmu a arewa. Ɓuyanta ya zo daidai da ƙarshen bazara, lokacin da shanu suka rame, rijiyoyi suka ja baya, manomi yana sharar gona yana jiran ruwan shuka. Fitowarta da asuba ta zo daidai da zaman damina, lokacin da shuka ta tsiro, dole garke ya nisanci gonaki. Fitowarta da magariba kuwa kaka ce, ana girbi, an kusa sakin gonaki shanu su shiga kara da harawa. A nan kudu lissafin ya ɗan bambanta, domin Ankara damina biyu gare ta, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, alhali Tamale da Bolga da Bawku damina ɗaya ce. Don haka wanda ya taho da lissafin arewa ya sauka a filayen Ankara ko na Afram, sai ya zauna da mutanen wurin ya gyara shi.

Me ya sa kakanninmu suka dogara da taurari alhali suna da watannin Musulunci? Dalili shi ne shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da misalin kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa, wata shekara cikin zafi, wata cikin sanyi. Watan sama na ibada ne, amma ba ya gaya maka yaushe ciyawa za ta fito. Saboda haka malamai suka riƙe lissafin taurari 28 da suka samo daga littattafan Larabawa, kowane tauraro kwana 13, ɗaya daga ciki 14, jimla 365. Suka raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Surayya da Dabaran su ne na ƙarshe a taurarin bazara, daga su sai Haƙ'a, wadda ke buɗe taurarin damina.

A nan akwai gargaɗi, kuma malamai sun fi ni saninsa. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani a jingina saukar ruwa ga tauraro. Ruwa na Allah ne. Tauraro alama ce ta lokaci da ta hanya, kamar yadda inuwa ke nuna azahar ba tare da ita ta wajabta salla ba. Abin da nake magana a kai lissafin lokaci ne, babu ruwansa da duba ko bugun ƙasa.

Ba mu kaɗai muka sa wa taurarin nan ido ba. Faransawa ma da sunan kaza da 'yan tsaki suke kiransu. Mutanen bakin tekun gabashin Afirka masu jin Suwahili suna ce musu Kilimia, Zulu na Afirka ta Kudu kuma isiLimela, duka biyun daga kalmar noma, domin fitowarsu ke sanar da lokacin kama fartanya. A Japan sunansu Subaru, in kun lura da tambarin motar nan mai wannan suna za ku ga taurari shida ne. Mutanen Maori na ƙasar Niyu Zilan suna fara shekararsu da fitowarsu, suna ce musu Matariki, har gwamnati ta mai da ranar hutun ƙasa tun 2022. A Jamus an tono wani faifan tagulla a 1999 wanda ya haura shekara 3,500, a jikinsa an zana ɗigo bakwai a cure, masana da yawa suna ganin Kaza ce. Amma labarin da na fi so na Larabawa ne, domin na makiyaya ne. Suka ce Dabaran saurayi ne matalauci da ya nemi auren Surayya ta ƙi shi, sai ya tara 'yan raƙuma ya koro su a matsayin sadaki, yana bin ta har yau bai cim mata ba. Ƙananan taurarin da ke kewaye da shi su ne raƙuman, sunansa ma ma'anarsa mai bin baya. Duk wanda ya taɓa tara shanun aure ya san halin da Dabaran ke ciki.

To mene ne hoto ya ƙara mana? Mai lafiyar ido yana ƙirga shida ko bakwai. A 1610 wani masani ɗan Italiya, Galileo, ya duba su da madubin hangen nesa ya zana 36. Yau an san sun haura 1,000, ashe kazar tana da 'ya'ya fiye da yadda muke zato. Nisansu kuwa, hasken rana yana iso mu cikin minti 8, amma hasken Kaza sai ya yi tafiyar shekara wajen 440. Wato hasken da ya shiga kyamarata ya baro gida tun wajen zamanin da daular Songhai ta faɗi a 1591, fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804. In kun duba hoton da kyau za ku ga wani shuɗin hazo kewaye da manyan. Ƙura ce a can sararin sama da taurarin ke ratsawa, haskensu yana faɗa mata. Ido ba ya ganinta sosai, sai hoto. Daga cikin waɗanda suka fara fito da ita a hoto akwai wani Bature mai suna Isaac Roberts a 1886. Shi kuwa ɗan kwangilar gini ne a Libaful, sha'awa ce ta kai shi, kamar yadda ta kai ni.

Dalilin da hoto ya fi ido shi ne, ido ba ya tara haske, abin da ya gani yanzu ya wuce. Kyamara kuwa in ka bar ta a buɗe tana tarawa, kamar ƙwaryar da aka ajiye ƙarƙashin indararo, ɗigo-ɗigo har ta cika. Matsalar ita ce duniya tana juyawa, in ka bar ta a buɗe da yawa sai taurarin su zama zare-zare. Ga yadda nake yi, ga matasan da ke son gwadawa.

Da farko a bar gari. Ruga ita ce wuri mafi kyau, wannan kuwa arziki ne da makiyayi ya fi ɗan birni. Na biyu, a zaɓi dare marar wata, wato daga wajen 25 ga watan Musulunci zuwa 4 ko 5 ga mai kamawa. Na uku, a yi ƙoƙari cikin Nuwamba ko farkon Disamba, kafin hazon hunturu ya rufe sama. Na huɗu, kada a riƙe kyamara a hannu. A ɗora ta a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku, in babu a cika buhu da yashi ko dusa a kwantar da ita a kai. A kashe fitilar kyamara, a kashe tocila, a zauna minti 20 ido ya saba da duhu. A buɗe ƙofar haske iyakarta, a sa ISO wajen 1,600, a daidaita gani da hannu har tauraro ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Masu wannan sana'a suna raba 500 da tsawon gilashin kyamara su sami daƙiƙoƙin da za su bari a buɗe. Gilashi mai milimita 50 ke nan daƙiƙa 10, ni nakan rage zuwa 5 ko 6 don in tabbata. Sai a ɗauki hoto 100 ko fiye, a haɗa su a kwamfuta da manhajar kyauta irin su Siril ko DeepSkyStacker, su zama hoto ɗaya mai tsabta. Wayoyin hannu na yanzu da yawa suna da wurin ɗaukar hoton dare, in aka jingina waya da kyau aka ba ta daƙiƙa 10, Kaza za ta fito, ko da shuɗin hazon bai fito ba.

Yanzu na dawo ga tambayar farko, ina ruwan ƙungiya.

Kowa a nan ya san abin da ake faɗa a kanmu, cewa makiyayi jahili ne mai bin saniya duk inda ta sa kai. Da wannan magana aka kori jama'armu a 1988 da 1999, da ita ake hura wutar rikici a Agogo da filayen Afram. Amsar wannan magana ita ce mu nuna cewa tafiyarmu tana da lokaci da ƙa'ida. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan ƙaurar dabbobi ta ce mai shigowa da garke ya riƙe takardar shaida, ya bi hanyar da aka keɓe, kuma ƙasar da ake shiga ita ke tsai da lokacin shiga da na fita. To idan aka zauna tsai da wannan lokaci, wa zai yi magana da yawunmu, kuma da wane ilimi? In muka je da hannu biyu, sai a yanka mana kwanakin da ba su dace da ciyawa ko ruwa ba. In muka je da rubutaccen lissafi na shekaru, dole a saurare mu.

Kada kuma a ce ilimin tsofaffi ba ya shiga ofis. A ƙasashen Peru da Bolibiya manoman dankali suna hawa dutse cikin Yuni su dubi Kaza kafin asuba. In ta fito dishi-dishi sai su jinkirta shuka, domin suna sa ran ruwa zai yi gardama. Masana uku daga Amurka suka bi diddigin abin, suka buga sakamakonsa a mujallar Nature a 2000. Suka gano cewa a shekarun El Nino wani siririn gajimare yana shimfiɗuwa can sama ya rage hasken taurarin, kuma a irin waɗannan shekaru ruwa yakan ƙaranta a yankin. Ashe manoman iskar sama suke karantawa. Wannan na ƙasarsu ne, ba za mu ɗauko shi mu ɗora wa tamu ba. Darasin shi ne, sai da aka rubuta abin da suke yi, aka gwada shi da ma'auni, sannan duniya ta girmama shi.

Namu ma yana bukatar gwaji, domin abubuwa biyu sun motsa. Na ɗaya, taurari kansu suna zamewa daga lokutan shekara da misalin kwana ɗaya a kowace shekara 72, wato a shekara 1,000 kusan kwana 14, fiye da kwanakin tauraro guda. Lissafin da aka kwafo daga tsohon littafi ba tare da an ɗaga kai an duba sama ba, zai iya saɓawa. Na biyu, dukanmu shaida ne cewa damina ba ta zuwa yadda muka saba, wani lokaci ta yi ruwa ɗaya ta ɗauke, manomi ya yi shuka ta ƙone, ya sake wata a makare. Makiyayin da ya dogara da fitowar Kaza kaɗai ya saki shanu cikin Nuwamba, zai iya tarar da dawa ba a yanke ba, daga nan sai faɗa da tara, wani lokaci har da asarar rai. Saboda haka tauraro ya gaya maka lokaci ya kusa, amma kafin garke ya motsa a tura mutum ya duba gona, a gai da sarkin gari, a kuma saurari sanarwar hukumar yanayi ta ƙasa a rediyo.

Shawarata ga ƙungiya guda uku ce. Ta farko, kowane reshe, daga Paga zuwa karar Tulaku a Ashaiman, ya sami littafi ɗaya da yaro ɗaya mai rubutu. A rubuta daren da aka daina ganin Kaza da yamma, da asubar da aka fara ganinta, da ranar ruwan farko, da ranar da aka saki gonaki, da farashin sa a kara a wannan mako. Shekara biyar in aka yi ana wannan, za mu riƙe abin da babu ofishin da ke da shi. Ta biyu, matasa su zauna da dattawa su ɗauki muryarsu a waya, da Hausa da Fulatanci, kan sunayen taurari da abin da kowanne ke nunawa, tun suna raye. Ni na yi sakaci da nawa mahaifin, kada wani ya maimaita. Ta uku, mai waya ya saba da ɗaukar hoton garkensa da wurin kwanansa, ya kuma kunna abin nuna wuri. Hoton yana riƙe rana da sa'a da inda aka ɗauke shi, kuma zai iya taimaka wa mutum ranar da aka ce shanunsa ne suka ci wata gona alhali yana wani wuri.

Ƙasar nan ba baƙuwar ilimin sama ba ce. Da yawanmu mun tsaya a titunan Ankara ranar 29 ga Maris 2006 muka ga rana ta yi husufi gari ya yi duhu da safe. A 2009 aka buɗe ɗakin nuna taurari a birnin nan, a 2017 kuma aka ƙaddamar da babban faifan sauraren sama mai faɗin mita 32 a Kuntunse. Ina fata wata rana a sami ɗan makiyayi yana aiki a irin waɗannan wurare, ya je da abin da ya koya a makaranta da abin da ya ji a bakin kakansa.

Hoton nan na bar wa ƙungiya, a rataye shi a ofis. Duk wanda ke son ya koyi ɗauka, mu haɗu bayan taro mu sa rana cikin Nuwamba, a ƙarshen wata, mu fita ruga tare. Ina roƙon dattawa biyu ko uku su raka mu, mu mu riƙe kyamara, su kuma su gaya mana sunayen abin da muke ɗauka.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a gafarce ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu daga cuta da ɓarayi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu manoma.